Dashen Nama Mai Jijiya: Abin da Majinyaci da Mai Jinya Ya Kamata Su Sani

Akwai raunin da ɗinki ba ya kama shi, wanki da bandeji kuma ba sa cike shi ko da za a shekara ana yi. Ɗan kabu-kabu ya faɗi a hanyar Tsafe zuwa Gusau, kwalta ta kwashe naman ƙwaurinsa, ƙashi ya fito fili. Manomi a ƙauyukan Bungudu ya tsira da ransa daga harin 'yan bindiga, amma harsashi ya tafi da rabin muƙamuƙinsa. Yarinya ta tashi daga cutar noma, ciwon ya bar mata rami a kunci har ana hango haƙora. Ciwon kowa daban, matsalar kuwa ɗaya ce: nama ya tafi, wanda ya rage a gefe bai isa a jawo shi a rufe ba.

Ga irin waɗannan ne likitocin gyaran jiki suke da aikin dashen nama mai jijiya, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa filaf. Ana yanko wani yanki daga jikin majinyacin kansa, fata ce ko tsoka ko ƙashi ko duka a haɗe, tare da jijiyar da ke kai masa jini da wadda ke mayar da jinin. A raba shi da jiki gaba ɗaya, a kai shi inda raunin yake, sannan a ɗinke jijiyoyinsa da na wurin a ƙarƙashin madubin tiyata. Idan jini ya bi, yankin ya rayu a sabon mazauninsa. Idan ya bi ya tsaya, ya mutu. Duk abin da za a faɗa a nan yana komawa ne kan waɗannan jijiyoyi biyu, waɗanda faɗin kowacce bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba.

Tambayoyi biyu ne kan fara zuwa bakin dangi. Ta farko, jiki ba zai ƙi shi ba, yadda ake ji a dashen ƙoda? Ba zai ƙi ba, domin naman mai shi ne, babu shan magani na har abada. Ta biyu, ya halatta? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe na jikin mutum a mayar da shi wani wuri a jikinsa, muddin amfanin ya rinjayi cutarwar.

Me ya hana a yi dashen fata kawai?

Dashen fata, wanda aka fi sani wajen masu ƙuna, feƙe saman fatar cinya ake yi a shimfiɗa a kan rauni. Ba shi da jijiyarsa, daga naman da aka ɗora shi yake samun abinci har sababbin hanyoyin jini su shige shi. Saboda haka sai ya sami jan nama mai lafiya a ƙarƙashinsa. A kan tsurar ƙashi ba ya kamawa, haka a kan farar jijiyar gaɓa da ta tsiraita, ko ƙarfen da aka ɗaure karaya da shi. Ramin da ya huda kunci kuwa ba shi ma da ƙasan da za a shimfiɗa wani abu.

Mataki na gaba shi ne juyo naman maƙwabta ba tare da an tsinke shi daga tushensa ba. Wannan tsohuwar dabara ce, likitocin Indiya tun zamanin da suna gyara yankakken hanci da fatar da suka juyo daga kumatu ko goshi. Har yau ita ce ke ɗauke da mafi yawan aikin gyara a asibitocinmu. Raunin da ke kusa da gwiwa ana rufe shi da tsokar sha-raɓa. Na idon sawu akan juyo masa fatar bayan ƙafa daga sama zuwa ƙasa. Akwai ma wanda ake ɗinke ƙafar mai rauni da fatar ɗaya ƙafar, a bar su a harɗe kusan mako uku, sannan a raba. Idan likita ya ce ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar, ku karɓa da hannu biyu. Babban aiki ba shi ne mafi alheri ba a kullum. Ana zuwa ga dashe mai jijiya ne idan ramin ya yi girma, ko naman gefe ya lalace, ko ana buƙatar ƙashi mai rai.

Aikin bai tsufa ba. A 1960 Jacobson da Suarez suka nuna a Amurka cewa ana iya ɗinke ƙananan jijiyoyin jini da taimakon madubi. A 1973 Rollin Daniel da Ian Taylor, a birnin Melbon na Ostareliya, suka ɗauki fatar matsematsi suka rufe raunin ƙafar wani mutum da ita, a 1975 kuma Taylor ya dasa ƙashi mai jijiya. Likitocin ƙasar Sin suka kawo na hannu a 1981 da na cinya a 1984. Yau a manyan cibiyoyin da suka ƙware, fiye da 95 cikin 100 na irin wannan dashe suna rayuwa.

Abin da ya faru a Sakkwato da Damagaram

Kada a ɗauka abin na ƙasashen Turai ne kaɗai. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya daɗe yana karɓar yara daga Zamfara da Kebbi da sauran maƙwabta, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014. A 2003 wasu likitoci biyu 'yan Jamus, Giessler da Schmidt, suka wallafa rahoton yadda aka yi wa masu noma dashe mai jijiya a wannan yanki namu, ba tare da an fitar da su waje ba. Kunci bango biyu gare shi, na waje da na cikin baki, don haka sukan naɗe yankin fatar gida biyu, rabi ya fuskanci waje, rabi ya zama shimfiɗar ciki. A Damagaram kuwa gidauniyar Sentinelles tana kula da masu noma tun 1992, waɗanda aikinsu ya fi wuya takan kai su asibitin jami'a na Janeba.

Amma a faɗi gaskiya, mafi yawan gyaran da ake yi a Sakkwato da naman maƙwabta ake yinsa, daga ƙirji ko ƙarƙashin haɓa ko leɓe, kuma yana biyan buƙata. Ba a kuma yi wa yaro gyaran fuska yana tsakiyar ciwo. Sai ciwon ya mutu, tabo ya zauna, tamowa ta sake shi, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. Wata wahalar ita ce kullewar muƙamuƙi. Tabon noma kan ɗaure baki har ya kasa buɗuwa, likitan sa barci ya rasa ta inda zai zura robar numfashi, sai ta hanci da na'ura mai ido ko ta huda maƙogwaro. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a yin aikin a ko'ina.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su ranar 15 ga Disamba 2023 bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, ta ce kusan 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Cutar ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro a jikin da yunwa ta riga ta ci. Daga dasashi take farawa: jini, gyambo, warin baki, sai kumburin kunci. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Kwanaki kaɗan ne tsakanin kumburin da ramin. Uwar da ta ɗaga leɓen ɗanta ta ga haka, asibitin Bungudu ko na Tsafe ya ishe ta farawa a ranar, magani a asibitin noma na Sakkwato kuma kyauta ne.

Daga wurin hatsari zuwa ɗakin tiyata

Ga mai karaya da buɗaɗɗen rauni, agogo ya fara bugawa tun daga bakin hanya. Marko Godina, wani likita a birnin Lubliyana, ya bi diddigin majinyata 532, sakamakon ya fito a 1986. Waɗanda aka rufe musu rauni cikin sa'o'i 72 na farko, dashen da ya mutu bai kai 1 cikin 100 ba. Waɗanda aka jinkirta zuwa tsakanin kwana uku da wata uku, ya kai 12 cikin 100. Dalilin a fili yake. Raunin da ya daɗe a buɗe ƙwayoyin cuta sun zauna a ciki, jijiyoyin gefensa sun kumbura sun yi tauri, da an taɓa su sai su tsuke. Ana yin aikin ko bayan watanni, kuma yana yin kyau, sai dai likita ya haura nesa da raunin neman lafiyayyar jijiya.

Don haka abin yi kaɗan ne. A danne jini da tsumma mai tsabta, a tallafe ƙafar da katako, a nufi asibiti. Kada a zuba toka, ko garin magani, ko baƙin mai. Masu ɗori suna da gurbinsu a cikin al'umma, amma ƙashin da ya huda fata ba nasu ba ne, ɗaurin kara a kan kumburarriyar ƙafa shi ke kashe jijiyoyin da za a nema daga baya. A Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura su ne matattarar manyan raunuka. A can ake wanke rauni a tiyata, a yanke mataccen nama, a kafa ƙarafan riƙe ƙashi ta waje. Idan likita ya ce a sake komawa wanki karo na biyu ko na uku, ba cin kuɗi ba ne, ba a dasa nama a kan ƙazanta. Daga nan sai takardar turawa zuwa inda akwai sashen gyaran jiki: asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙashi na Dala. Ku roƙi likitan da ya tura ku ya yi waya da takwaransa, ya aika hoton raunin, a tabbatar akwai mai yin aikin da kayan yinsa a lokacin. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, ba tafiyar da za a yi da mai karaya a kan ƙila-wa-ƙala ba ce.

Shiri kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi masu ba da jini tun da wuri, domin aikin kan ɗauki sa'o'i 6 zuwa 12. A faɗa wa likita komai: ciwon suga, hawan jini, maganin gargajiyar da ake sha, ko jini ya taɓa daskarewa a ƙafa. Mai sikila ya faɗa tun a ranar farko, saboda sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iskar oksijin suna lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe ƙananan jijiyoyi, akan yi masa ƙarin jini da shiri na musamman.

Taba ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Sinadarin nikotin yana tsuke jijiyoyi, yana hana rauni haɗewa. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a bar ta aƙalla mako huɗu kafin a yi, a kuma ci gaba da bari bayansa. Sigari, shisha, tabar hanci da ta baki, duk hukuncinsu ɗaya. Wanda ya ɓoye wa likita, kansa ya cuta. Goro da shayi da kofi ma likitoci da yawa kan hana su na ɗan lokaci saboda sinadarin da ke cikinsu. Hujjar wannan ba ta kai ta taba ƙarfi ba, amma haƙurin kwanaki ba ya kashe kowa. Abinci kuwa a dage: wake, ƙwai, nono, gyaɗa, kifi, nama idan da hali. Jikin da ya rame ba ya haɗe ɗinki.

Daga ina ake yankowa?

Cinya ce aka fi zuwa wa yanzu. Likita kan ja layi daga ƙashin ƙugu na gaba zuwa gefen ƙoƙon gwiwa, wajen tsakiyar layin ya ɗora wata 'yar na'ura mai suna Dofla yana saurare. Inda ya ji bugun jini sai ya ɗiga alama, nan ne ƙaramar jijiya ta huda tsoka ta fito ga fata. Ana samun yanki babba, tabon kuma wando ya rufe shi.

Fatar sangalin hannu siririya ce mai laushi, ta dace da cikin baki da harshe. Sai dai tana tafiya da ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi biyu da ke ciyar da tafin hannu, don haka sai an gwada. Majinyaci ya dunƙule hannu, likita ya danne jijiyoyin biyu a wuyan hannu, ya ce a buɗe, tafin ya yi fari fat, sannan ya saki guda. Idan ja ya dawo cikin daƙiƙu kaɗan, wadda za ta rage ta isa. Aibin wannan yanki shi ne tabon yana wurin da kowa ke gani, sai an rufe shi da dashen fata.

Muƙamuƙin da harsashi ya farfasa, ko wanda aka cire saboda ƙari, siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ake ɗaukowa. Ba shi ne ke ɗauke da nauyin jiki ba. Ana iya samun kusan santimita 25, a bar wajen santimita 6 a sama da ƙasa don gwiwa da idon sawu su zauna daidai. A yayyanka shi, a lanƙwasa shi ya bi siffar haɓa, a ɗaure da faranti da kusoshi. David Hidalgo ne ya bayyana wannan dabara a 1989. Mutum yana tafiya da ƙafarsa bayan haka, har ana iya dasa haƙora a kan ƙashin daga baya. Babban rami a ƙafa kuma akan cike shi da faffaɗar tsokar baya, ƙarami da siririyar tsokar cikin cinya.

A cikin ɗakin

Yawanci ayari biyu ne ke aiki lokaci guda. Ɗaya yana gyara wurin raunin yana tono jijiyoyin da za a haɗa da su, ɗaya yana ɗago yankin. Ba a tsinke yankin daga tushensa sai wancan gefen ya shirya tsaf, domin daga lokacin da aka tsinke shi ba ya samun jini. Tsoka ba ta da haƙuri, sa'o'i kaɗan take jurewa, fata ta fi ta juriya. Likitoci kan so jini ya dawo kafin sa'a biyu ko uku.

Sai a jawo madubin, mai ƙara girman abu sau 10 zuwa 20. Likita da mataimakinsa suna zaune suna fuskantar juna, hannuwansu a dafe a kan naɗaɗɗun tawul don kada su yi rawa, yatsu kaɗai ke motsi. A kama bakunan jijiyoyin biyu da 'yar matsa mai baki biyu, a zura ɗan kore ko shuɗin leda a ƙarƙashi don su fito sosai. A share ɓawon da ke bakin kowacce, domin ko zare ɗaya nasa ya faɗa ciki jini zai daskare a kansa. A wanke cikin da ruwan gishiri mai hefarin, maganin hana jini daskarewa. Zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta, allurarsa sai an ƙura ido ake ganinta. Ɗinki takwas zuwa goma ne ke zagaye jijiya mai faɗin milimita 2, kowanne da ƙullinsa. Babban kuskure shi ne allura ta kamo bangon baya, ta ɗinke hanyar a rufe, don haka idan an gama gaba sai a juya matsar a leƙa ciki kafin a ɗinke baya. Jijiyar mayar da jini ta fi wuya, bangonta sakayau ne, yana manne wa juna. Inda akwai hali akan haɗa ta da wasu zobba biyu masu haƙora maimakon zare, wasu likitocin kuma kan haɗa biyu don samun rara.

Daga nan a cire matsa. Jijiya ta cika ta fara harbawa, yankin da ya yi fari ya yi sanyi ya fara ɗumi, gefunansa su fara tsattsafo da jan jini. Sai a zaunar da shi, a ɗinke, a kula kada jijiyar ta murɗe ko ta lanƙwashe ko wani abu ya danne ta.

Kwana ukun farko

Nan ne aikin yake komawa hannun nas-nas da masu jinya, kuma a ganina nan ne aka fi yin asarar da za a iya kauce wa. Mafi yawan toshewa cikin sa'o'i 48 zuwa 72 na farko take faruwa. Shi ya sa ake duba yankin kowace sa'a dare da rana a farko, sannan a riƙa tsawaita tazarar.

Mai lambu ya san hanya biyu ce shuka ke mutuwa: ko a toshe mashigar ruwa ta bushe, ko a toshe mafita ruwa ya kwanta ta ruɓe. Haka yake a nan. Idan jijiyar kai jini ta toshe, yankin zai yi sanyi, ya saki, ya ɗan yamutse. Idan ta mayar da jini ce, wadda ta fi yawan faruwa, zai kumbura ya yi tauri yana ƙyalli, ya ƙara duhu, baƙin jini ya riƙa tsattsafowa ta bakin ɗinki.

Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a duba launi, ko ya yi fari ko ya yi shuɗi. A baƙar fata wannan ba ya fitowa da wuri, kafin ido ya gani an makara. Abin dogaro a wurinmu shi ne hannu da kunne da allura. Nas ta ɗora bayan yatsunta a kan yankin, sannan a kan fatar gefensa, ta kwatanta ɗuminsu. Ta danna ta ji taushinsa. Ta ɗora Dofla a kan ɗigon da likita ya yi wa alama da zare, ta saurari bugun. Idan ta yi shakka sai a ɗauki allura a ɗan karce fatar. Jan jini mai haske ya fito bayan daƙiƙa biyu ko uku, lafiya lau. Baƙin jini ya fito nan take, mafita ta toshe. Babu abin da ya fito, mashiga ce. Majinyaci ba ya jin zafin wannan, domin yankin ba shi da ji tukuna. Allurar aikin ma'aikata ce, mai jinya kada ya gwada.

Abin da ke kan mai jinya shi ne ya roƙi a nuna masa yadda yankin yake a daren farko, ya ɗauki hotonsa da waya a ƙarƙashin fitila ɗaya, ya kuma lura da agogo. Idan lokacin dubawa ya wuce, ko ya ga canji, kada kunya ta hana shi tashi. "Sista, don Allah zo ki duba mana, wurin Baba ya fi ɗazu kumburi." Ko da ƙarfe uku na dare ne. Toshewar da aka gano da wuri, aka koma tiyata aka buɗe ɗinkin aka cire gudan jinin, sau da yawa ana ceto ta. Wadda aka bari sai likita ya zo zagayen safe, da wuya. Don haka tun kafin a shiga aikin farko ku san cewa ana iya komawa na biyu, ku ajiye masa jini da kuɗi.

Sauran ƙa'idojin masu sauƙi ne, amma ba a wasa da su. Majinyaci ya kasance cikin ɗumi, musamman da hunturu, kada fanka ta buga wurin kai tsaye. Amma ba a ɗora ruwan zafi ko kusanto da garwashi, naman da ba ya ji yana ƙonewa mai shi bai sani ba. Kada a kwanta a kansa, kada bandeji ya matse. Wanda aka yi wa a fuska, babu abin da za a ɗaura a wuyansa, ko laya ce ko sarƙa ko igiyar robar oksijin, kansa kuma ya zauna yadda likita ya ajiye shi. Ta robar hanci zai ci abinci na kwanaki, kada tausayi ya sa a ɗura masa kunu ta baki. Ƙafa a ɗage take zama. Sallah a kwance da nuni, da taimama idan ruwa zai kai ga rauni. Azumin nafila a ɗage shi, na farilla a tambayi likita, domin ƙishirwa tana kaurara jini. Masu dubiya a rage su, mai shan taba ya tsaya a waje.

Wani lokaci, idan jini ya taru a ƙaramin yanki kuma ba jijiyar da za a gyara, asibitocin waje kan ɗora matsattsaku ya tsotse. Na musamman ne da ake kiwo don asibiti, kuma ana haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Na rafi ba ya cikin wannan magana.

Idan ya mutu fa? Yana faruwa ko a hannun gwanaye. A cire shi, a wanke wurin, a sake wani dashen ko a koma ga wata dabara. A ƙafar da jijiyoyinta na motsi da na ji suka tsinke, ƙashi kuma ya ruɓe, wani lokaci yankewa da ƙafar roba ta fi saurin mayar da mutum gona fiye da shekara biyu ana tiyata. Wannan shawara ce mai ɗaci, amma likitan da ya kawo ta ba mugu ba ne.

Bayan an koma gida

Wajen ƙarshen mako na farko ake fara sauke ƙafa daga gado, minti kaɗan a rana, ana ƙarawa a hankali, domin sabuwar jijiyar ta saba da mayar da jini sama. Cikin makonni yankin zai sami ƙananan hanyoyin jini daga gefe, haɗarin ya ragu sosai. Zai fi fatar gefensa tudu, launinsa kuma na inda aka ɗauko shi ne, idan wurin mai gashi ne gashin zai ci gaba da fitowa. Bayan wata uku zuwa shida ana iya rage masa kauri. Masu fuska sukan buƙaci gyara fiye da ɗaya, mai noma kuma sai ya dage da motsa muƙamuƙi kullum na dogon lokaci, in ba haka ba bakin ya sake kullewa. Ji yana jinkirin dawowa, wani lokaci ba ya dawowa duka. Wanda aka yi wa a dunduniya ko tafin ƙafa ya riƙa duba wurin kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi, kada ya jingina da salansar babur. A shafa mai, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin. Zazzaɓi, mugunya, wari ko ɗinkin da ya buɗe, a koma asibiti a ranar.

Kafin ku bar asibitin, ku nemi a rubuta muku takardar aikin: daga ina aka ɗauko yankin, da wace jijiya aka haɗa shi, ta wane gefe take shiga, da lambar wayar sashen. Ku ɗauki hotonta, ku adana ta asali. Duk likitan da zai sake taɓa wurin, a Gusau ne ko a Tsafe ko a Bungudu, ku nuna masa ita kafin ya ɗauki wuƙa.